Ƙwayar Riɗi

Shekara huɗu na tuƙa shi,
daga gidajen ma'aikata zuwa bakin injin siminti,
daga Ashaka zuwa Bajoga ran kasuwa.
Wijesekara, mutumin Sirilanka.
Harshenmu ya kasa, muka ce Malam Waje,
ya amsa, yana dariya da ido.

A kan kabad ɗin falonsa akwai ɗan mutum-mutumi,
ƙafa a harɗe, ido a lumshe.
In na shiga karɓar makulli sai in kau da kai.
Ya lura. Bai ce uffan ba.
Washegari na tarar da ƙusa a baranda,
makullin na lilo a jikinta.

A hanyar Gombe ya ba ni labarin,
guntu-guntu, tsakanin rami da rami.
Ɗan sarki ne, in ji shi, can gindin duwatsun ƙanƙara,
uba ya ja masa katanga kada ya ga abin kuka.
Ran da ya fita, direbansa ne ya nuna masa,
"direba, Manga, irinka, sai dai na keken doki":
tsoho da sanda, majinyaci, gawa a makara.
Ya ce, har ni? Direba ya ce, har kai.
Ya sulale da dare, ya bar mata da jariri.
Na ce, wannan kam ban yaba ba.
Ya ce, matata ma haka take faɗi.

Ya zauna da yunwa har haƙarƙari ya zama tsani,
bai samo komai ba.
Tsirkiyar garaya ce:
ka ɗaure ainun ta tsinke, ka sassauta ta ƙi magana.
Sai ya ci abinci, ya zauna gindin wani ɗan'uwan cediya
har gari ya waye masa ta ciki.
Suka ce Buddha, wai farkakke.

Me ya gano? Rayuwa da ƙunci take tafe,
ƙuncin kuwa ɗan ƙishirwa ne,
irin wadda in ta shanye Gongola sai ta tambayi hanyar Binuwai.
Tana kasuwa, in ji shi, akwai turba mai rassa takwas.
Uku na riƙe, sauran sun zube a rami:
tsare harshe, tsarkake sana'a,
san inda hankalinka ya tafi kiwo.

Shekarar ƙyanda muka binne Fantu.
Wata goma sha tara, haƙora takwas.
Liman ya yi mana nasiha, na ji, na karɓa,
amma hannuna ya ƙi riƙe sitiyari.
Malam Waje ya zo a ƙafa, ya cire takalmi,
ya zauna a tabarma har inuwa ta juya.
Can ya ce: wata uwa ta kai wa malaminmu gawar ɗanta
tana neman magani.
Ya ce ta samo ƙwaya ɗaya,
"a nan sai mu ce riɗi",
daga gidan da ba a taɓa fitar da gawa ba.
Ta bi gari ƙofa-ƙofa.
Kowa na da riɗi.

Nan ya tsaya. Ni ma ban nemi ƙarashe ba.
Na dubi masu zaman makoki ɗaya bayan ɗaya:
Jauro ya binne uku, Gidado matarsa,
mai shayi uwa da uba a damina guda.

Daren cikar wata na watan biyar
ya rataya fitilun takarda a bishiyar mangwaro.
Ni na hau tsani, shi yana miƙo mini.
Da aka kira isha ya ce, sauko, Manga, ana jiranka.

Ya koma ƙasarsu, wasiƙa biyu, sai shiru.
Ina kan alƙiblata, bai taɓa cewa in juya ba.
Jiya a Bajoga jikata ta saya mini kantun riɗi.
Ƙwaya ɗaya ta maƙale a inda haƙori ya fita,
na yi ta juya ta da harshe har gida.